Gemu da Ƙyanda

Ɗazu a asibiti na ga wata yarinya, idanu jajur, tafin hannu na saɓa. Sai Yaya Habu ya faɗo mini a rai.

Haka ya yi a garinmu Ɗanzomo, a shekarun alif ɗari tara da casa'in. Abokansa suka dinga tsokanarsa, wai ga gemu ga ƙyanda. Kunya ta hana shi zuwa asibiti, sai da ƙirji ya riƙe muka kai shi Kano.

Likita ya ce, "Ba ƙyanda ba ce. Kumburin jijiyoyin jini ne, ciwon yara, da wuya ya kama babba. Ya riga ya taɓa zuciya."

Yaya ya riƙo hannuna. "Auta, kar ka faɗa a gida ciwon yara ne."

Gawarsa muka mayar gida.

Jama'a, me kunyar nan ta tsinana mana?