Yatsu Uku a Kan Daddawa

Jiya warin daddawa ya buge ni, sai Goggo ta faɗo mini a rai. Kowace daddawa ta yi, sai ta danna mata yatsu uku na hannunta na dama tun tana da laushi. A kasuwar Maigatari yatsun nan ake nema.

Shekarar fari kalwa ta yi wuya. Ina zawarci a gidanta, ni ke daka. Na cakuɗa gurguzun yakuwa a ɓoye don ta yi auki, na danna yatsun.

Ranar Alhamis a kasuwa wata mai saye daga Damagaram ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta dubi Goggo. "Iya, hannunki ne wannan?"

Goggo ta gutsura ta tauna, ko kallona ba ta yi ba. "Ba nawa ba ne. Yau babu ciniki." Ta kifa faifai a kan kwandon.

A gida ta zaunar da ni, muka shafe yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Sayar da abinki, 'yar nan, amma ban da alamata. Yatsun nan alkawari ne."

Allah ya miƙa miki littafinki a wannan hannun na dama, Goggo.