Keken da Ba a Faɗa a Rediyo Ba

Assalamu alaikum. Tun farkon damina mai wannan shafi ta yi shiru, kuna ta tambaya. Ni ne dalili. Ni ne mahaifinta, manomi a Birnin Tudu ta Bakura. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Kun san ta da Dakta, malamar jami'a, amma ko allura ba ta iya ba. Aikinta bin tsofaffin mata da na'urar ɗaukar magana, daga Tsibiri har Damaga, tana tambayarsu yadda suka yi kaɗi da saƙa da fatauci. In ta gama sai ta shiga rediyo tana faɗa a kan makarantun gwamnati da ba rufi. Ɗiyar farina ce, don haka ba na kama sunanta, ba ma doguwar hira.

A rediyon ta ɓata mini rai. An tambaye ta wa ya sa ta makaranta, ta ce kakarta, wato mahaifiyata, da ta sayar da awakinta. Ko sau ɗaya ba ta ce Baba ba. Daga ranar na daina taɓa abin da ta aiko. Maganin hawan jinin da take saya mini ma na cusa shi a jinkar rumbu.

Ciwon ya fara da nauyin ƙeya. Na ce rana ce. Wata safiya ina fadamar shinkafa fartanya ta suɓuce daga hannuna, na duƙa in ɗauka, hannun ya ƙi. Bakina ya karkace. A gida aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ƙanena ne ya yi ta maza ya ɗauko mota zuwa Talata Mafara, daga can aka tura mu Sakkwato.

An ɗebi jini, an sa kaina cikin injin hoto. Kuɗin ya ci bijimin da nake huɗa da shi. Likita ya ce, "Baba, jini ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, harshe ma sai a hankali."

Roba a hanci don kunu. Wata robar don fitsari. Ana juya ni kamar buhun gero.

Hankalina kuwa garau. Ina jin duk abin da ake faɗa a kaina, in shirya amsa tsaf a zuci, ta zo baki ta zama miyau. Taga ɗaya nake gani, ita ma bango ne a bayanta.

Dakta ta bar aikinta ta zo, ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin maza. Da aka cire robar hanci ita ke ba ni kunu da cokali. In ta matso sai in kau da kai, iyakar faɗan da ya rage mini ke nan. Ba ta fasa ba.

Ba mutuwa ta fi ba ni tsoro ba. Tsorona a binne ni da maganata a ciki, duniya ta tafi da labarin awaki kawai.

Don haka na dage wa masu gashin ƙashi na asibiti. Suka ba ni ƙwallo in matsa, suka sa ni buɗe baki ina jan sauti kamar ɗan goye. Na fara samun Allah, sai ruwa, sai a'a. Matata ta ce tunda a'a ta dawo, mutumin ya dawo.

Bayan an sallame mu, ranar da na ji jimla ta tsaya a bakina, na sa aka kira ta, na nuna na'urar. Ta ce ai tarihin mata take yi. Na ce kunna.

Na faɗa mata, ina tsayawa ina hutawa: awaki gaskiya ne, amma ranar jarrabawar shiga sakandare wa ya goya ta a keke zuwa Mafara? Wa ya saɓa ta a wuya da rafi ya cika, ya koma ya ɗauko keken?

Ta kashe na'urar.

"Baba, na tuna. Har ƙosai ka saya mini a bakin tasha. Amma kai ka ce in na gaya wa wani, ba kai ba ni, don ka rantse a majalisa ɗiyarka ba ta boko."

Wallahi na manta na faɗi haka. Ita ta riƙe har ta yi furfura.

Na ce mi ya hana ta tambaye ni ko dokar ta tashi, ita da tambaya ce sana'arta? Ta ce yaushe na taɓa tsayawa ta tambaye ni. Wannan na ce kada ta rubuta, ban sani ba ko ta ji.

Yanzu ina takawa da sanda har masallaci. Hannun bai riƙe fartanya ba tukuna. Na gode wa Allah, na gode wa ƙanena, da matata, da masu gashi da suka jure baƙin halina. Ita ma mai rubutun, Allah ya yi mata albarka.

'Yan'uwana tsofaffi, ku riƙa awon jini. Ku sha maganin ko da wanda kuke fushi da shi ya saya. In baki ya karkace, mota za a nema, ba garwashi ba. Dokar da ka kafa wa yaro kuma, ka ɗage ta da bakinka tun yana motsi. Tawa na ɗage ta yau, a gabanku.