Rabin Ludayin Batulu

Duk wanda ya taɓa aiki a ofisoshin Garki ya san Batulu mai nono, ko da bai san sunanta ba. Bafulatana ce doguwa, marar yawan magana, daga wata ruga da ke bayan Jiwa. Direbobi da masinjoji kan tsokane ta cewa ba ciniki ya kawo ta birni ba, rabon sadaka ne. Suna da gaskiya. In ka ce ta dama maka kaɗan sai ta ɗago ta dube ka, in ta ga ka yi zuru-zuru ta ƙara ludayi. Ita dai ba ta iya ganin mai jin yunwa.

Mijinta Maude shanun wani oga yake kiwo, shi ko ɗan maraƙi ba shi da shi. 'Yarsu ta fari ita ce Habiba. Kamar yadda Batulu ta tarar a gidansu, uwa tana kunyar 'yar fari: ba ta kiran sunanta, ba ta jan ta a jiki, ba ta nuna ta damu da ita. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Amma kowa a rugar ya san wa ake ɗebar wa saman kindirmo, inda mai yake kwanciya.

Da ciwonta aka haifi Habiba. In ta ɗan yi wasa sai ta tsuguna tana haki, leɓɓanta su yi baƙi. An sha saiwa, an sha rubutu, an yi hayaƙi. A asibiti aka ce huda ce a zuciyarta, sai an yi aiki. Da Maude ya ji abin da aikin zai ci, dariya ya yi, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Taimako daga gindin bishiyar da Batulu ke zama tana ciniki ya zo. Cikin masu shan furarta akwai Muktar, ma'aikacin wata gidauniya da ke kawo likitocin zuciya daga waje jefi-jefi, su yi wa yaran talakawa aiki kyauta. Shi ya yi ruwa ya yi tsaki har aka karɓi Habiba. Sai dai ita ce ta ƙarshe, a ranar ƙarshe ta zaman likitocin.

Wata nas mai suna Rosemary ta tsaya a kan Batulu ta ja kunnenta da gurguwar Hausarta. "Mama, ka ji ni da kyau. Ba abinci, ba ruwa, ko kaɗan. In ya ci, likita ba zai taɓa shi ba." Batulu ta ji, kuma ta gane sarai. Kada wani ya ce rashin fahimta ne.

Aikin yaron da ke gabansu ya ja. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Sauran iyaye mata sun rungume 'ya'yansu suna rarrashi da sunaye masu daɗi. Batulu tana ƙarshen gado, ta juya baya, tana jin numfashin 'yarta.

"Inna, tsoro nake ji," in ji Habiba. Can kuma ta ce, "Inna, yunwa."

Batulu ta so ta yi magana, amma bakinta bai taɓa koyon irin wannan maganar ba. Abu ɗaya ta iya. Ta jawo ɗan kwanon furar da ta kawo don kanta, ta ɗebi rabin ludayi, ta kai bakin yarinyar. Habiba ta sha, ta yi ajiyar zuciya. Sai Batulu ta ƙara mata.

Rosemary na shigowa ta ga fari a leɓen yarinyar. Ta tambaya, Batulu ba ta yi ƙarya ba. Likita ya ce in aka sa ta barci da abinci a ciki, zai iya hawowa ya shaƙe ta. Muktar ya roƙa kamar zai durƙusa, amma kafin cikin ya sauka lokaci ya ƙure, washegari kuma likitocin jirgi za su hau. Aka ce sai bayan damina.

Habiba ba ta ga kaka ba. Da hantsi ta cika, ana yayyafi. Batulu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, masu gaisuwa suna ta yaba haƙurinta. Maude bai taɓa tayar da zancen furar ba, ko sau ɗaya. Da ma ya zage ta, da ta ji sauƙi.

Ta koma gindin bishiyarta. Wata rana, an fara yankan dawa, sai ga Muktar da aiki ya ɗauke shi daga gari, yana tafe yana washe baki.

"Inna Batulu, albishirinki! Likitoci sun dawo. Wannan karon Habiba ce ta farko."

Ta ajiye ludayin a hankali. "Yarinyar nan ta koma tun da damina."

Muktar ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna.

"Ku ba wata gurbinta," in ji Batulu. "Amma Malam Muktar, don Allah, ranar aikin ku fitar da uwar waje. Kar ku bar ta kusa da gadon."