Matar da Ta Ƙi Danna Mana Kwamfuta

Kafin masu shaguna su gama share ƙofa, ta riga ta iso ɗakin karatun unguwarmu da jakarta a kafaɗa. Takan buɗe tagogi, ta goge kantocin littattafai, ta yaye tsohon zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta kunna ta. Kwamfutar ta kwana biyu, sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. Daga nan sai ta ja kujera ɗaya gaban kwamfutar, wannan ta baƙo ce. Tata kujerar tana gefe, inda hannu ba ya kai wa madannai. A nan take zama, ta fito da zare da kwarashi, ta kama saƙar hulunan jarirai.

A ofis ana kiran ta mai kula da ɗakin karatu. Mu kuwa Inna Danna-da-kanka muka sani, kuma ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. Ba a yi mata taro ba, ko kofin shayi ba a miƙa mata ba. Sanarwa kawai aka liƙa cewa an ɗauke teburinta, kuma ba za a sa kowa a gurbinta ba. To, tunda waɗanda ya kamata su yi magana sun yi gum, ni tela zan yi, kuma ba da raɗa zan yi ba.

Ga wanda bai sani ba, gwamnati ta daɗe da zuba ƙa'idojinta a wani shafi na intanet: na makarantu, na asibitoci, na kasuwanni, har na yadda ake zubar da shara. Kyauta ne, kowa yana iya shiga. Shigar ba wuya, fitowa da abin da ka je nema ne aiki. Ka rubuta kalma ɗaya ya zazzage maka sakamako kamar buhun ƙyallaye, tsoho da sabo, wanda aka soke da wanda yake aiki, duk a cakuɗe. Yawancin mutane daga nan suke rufewa su koma wa "an ce". An ce ba a yi, an ce doka ta hana. Ka tambayi wanda ya ce, kowa ya nuna maka sama.

"An ce" ɗin nan ce ta kusa cinye karatun Auta, 'yar yayata. A keken guragu take tun tana ƙarama, kai kuwa yana ja. Da jarrabawar kammala sakandare ta matso, sai aka ce ɗakin jarrabawa a saman bene yake, kuma doka ta hana a canza. Shawarar da aka ba mu ita ce a riƙa ɗaukar ta ana hawa da ita. Auta ta ce wallahi babu mai cicciɓar ta a gaban 'yan ajinsu, gara ta haƙura da jarrabawar. Duk wanda ya san ta ya san ba wasa take yi ba. Yayata ta zauna tana share hawaye, ni kuma na ɗauki hulata zan je makarantar in yi musu wankin babban bargo. Mai gyaran takalmin da ke kusa da shagona ne ya riƙe mini hannu, ya ce in bi ta wurin Inna tukuna.

Muka shiga, ina tura keken, ina huci.

"Inna, don Allah ki duba mana abin nan da sauri."

"Sannunku da zuwa," ta ce, ba ta ajiye saƙar ba. "Waye mai matsalar?"

"Yarinyar nan."

"To kai koma gefe. 'Yata, matso da kekenki." Ta sa ƙafa ta ture kujerar baƙi. "Ni ban san doka ba fa, hanyar gidanta kawai na sani. Ke za ki je ki kwankwasa."

Auta ta rubuta abin da take nema a ɗan gurbin bincike, sakamako ya yi ta zubowa ba iyaka. Inna ta ce ta dubi gefen hagu, ta zaɓi na ma'aikatar ilimi kaɗai, sannan ta ƙara kalmar "jarrabawa". Suka ragu. Can sai ga wata ƙa'ida a kan ɗalibai masu buƙata ta musamman. Na miƙe tsaye, na ce ga ta nan, a buga mana mu tafi.

"Kawu sarkin gaggawa, zauna," in ji Inna. "'Yata, me aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin kan maganar?"

Auta ta matsa da fuska. "An ce an soke ta."

"Madalla. Da kun tafi da gawa. Duk wadda aka soke, akwai wadda ta gaje ta. Ga shuɗin rubutu nan kusa, danna."

Sabuwar ta fito, kuma ta faɗi abin a fili: ɗalibin da ba ya iya hawa bene, a shirya masa wuri a ƙasa idan an sanar da makaranta kafin lokaci. Ina cikin hamdala sai na ji Inna ta ce, "Yanzu rufe shi gaba ɗaya, ki sake nemo shi daga farko." Bayan Auta ta nemo, Inna ta ce ta sake a wayarta. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Haba Inna, ga na'urar bugawa nan kusa da ke, sai kin wahalar da yarinya?"

A nan ne ta ɗago kai ta dube ni. Ta ce farkon zuwan shafin ita take nemo wa mutane, ta buga musu, su yi ta sa mata albarka. Har wani mai gadi ya zo, an hana shi ranar hutu. Ta nemo masa, ta buga, ya tafi yana murna. Wanda ya kai wa takardar ko karantawa bai yi ba, ya ce tsohuwa ce, an canza. Mai gadin ya karɓi takardarsa. Ya dawo ya ajiye takardar a ninke a kan teburinta, ya fita.

"Tun daga ranar na sayi kwarashi," ta ce. "Hannuna idan ba shi da abin yi, madannai yake kai wa. Takarda ana iya ce mata ƙarya. Amma idan ke kika buɗe a gabansu, kika nuna musu ranar da ta fara aiki, sai dai su nemi wata maganar."

Da muka je makarantar, ni dai da shirin faɗa na shiga, faɗan kuwa bai samu ba. Auta ta buɗe shafin a wayarta, ta miƙa wa shugaban makarantar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Wallahi 'yata, tsoro nake ji kada in canza ɗaki a soke sakamakon yara duka. Ni ma haka aka gaya mini." Ashe shi ma "an ce" ce ta ɗaure shi. Ya sa ta nuna masa yadda ta bi ta samo. Auta ta rubuta jarrabawarta a ajin ƙasa, kusa da taga, kuma ta ci.

Inna, ke ce kika ƙi yi mana abin da muka roƙa, kika ba mu abin da ya fi shi. Ke ce kika jure tsakinmu da harararmu, kina ƙirga idon saƙa kamar ba ki ji ba. Mai sharar asibitin nan da take kwasar allurai da hannu tsirara, a gabanki ta gano safar hannu haƙƙinta ce, ba alfarma ba. Kuma ba ki taɓa yi wa kowa daɗin baki ba. Mai waldan da ya faɗaɗa rumfarsa har bakin titi ya zo da tabbacin shi ke da gaskiya, ya nema da hannunsa, ya ga ba ta tare da shi. Kika ce, "To ka gani da idonka." Ya fita yana ƙunƙuni, amma da kansa ya janye rumfar.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Akwai mutanen da abincinsu a cikin rashin saninmu yake, su ne masu "dawo gobe" da "ba haka ake yi ba". Ƙorafi ya fara zuwa daga ofisoshi cewa mutane suna shigowa da lambar sashen ƙa'ida a bakinsu, suna tambayar inda aka rubuta. Rannan sai ga babban jami'in da ke kula da ɗakunan karatu da kansa. Mai gyaran takalmi yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Ke aikinki jera littattafai ne," in ji jami'in. "Wa ya mai da ke lauya?"

"Ranka ya daɗe, ni ko taɓa kwamfutar ba na yi." Ta ɗaga masa rabin hular da ke hannunta. "Ga aikina nan. Su suke dannawa, shafin kuma gwamnati ce ta buɗe. Idan laifi ne a karanta, sai a gaya mini ƙa'idar da ta hana, su nemo mu gani."

Ya juya ya fita. Amma cikin satin aka kwashe teburin daga kusa da ƙofa, aka kai shi lungun da ke jikin ɗakin ajiyar kaya, ba fanka, ba taga. Wai ko mutane za su gaji. Inna ta zo da maficinta daga gida, mu kuma muka bi ta lungun muna zufa. Shekaru ta yi a wurin, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce zaren yana manne mata a yatsa.

Da labarin ɗauke teburin gaba ɗaya ya fito, Auta, wadda yanzu take karatu a jami'a, ta rantse sai ta nemo ƙa'idar da za ta hana. Ta yi kwanaki tana juya shafin, ta canza kalmomi, ta bi tsofaffi da sababbi. Babu. Ta je wurin Inna idonta jawur.

"Kin nema yadda ya kamata?" Inna ta tambaye ta.

"Har na gaji, Inna."

"To babu ke nan, kuma yanzu kin san babu, ba an ce miki ba ne. Share hawayenki. Teburi katako ne."

Sun ɗauke katakon. Ni kuma ina gaya wa wanda ya sa hannu aka ɗauke cewa ya makara. Da ya so ya hana, da tun kafin ta sayi kwarashi ya zo. Yanzu akwai mai shara, da mai gadi, da mai walda, da ɗaliba, kowa da waya a aljihu, kowa ya san gefen hagu, ya san ƙananan baƙaƙen nan. A je a bi su ɗaya-ɗaya a ƙwace mu gani.

Duk Asabar yanzu rumfar shagona cika take yi. Na fito da benci, Auta tana kafa kekenta a tsakiya, Inna tana gefe da saƙarta, wai ita hira kawai ta zo. Inna, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa hannuwan nan da kika hana dannawa su zama shaida a gare ki. Ku kuma masu karanta wannan, duk wanda ya iya shiga shafin nan ya zaunar da wanda bai iya ba, ya ba shi kujerar gaba. Ina gargaɗinku, riƙe hannun ya fi binciken wuya.

Asabar ɗin da ta wuce wata tsohuwa ta zo, an ce ba za a ba ta maganinta ba sai ta zo da namiji ya tsaya mata. Aka miƙa mata waya ta nema da kanta, sai ta danna harafi ya fito biyu, ta goge, ta sake. Na duba, na duba, zuciyata ta kasa. Ban san lokacin da na miƙa hannu zan karɓi wayar ba.

"Kawu," in ji Auta, "cire hannunka."

Inna ba ta ko ɗago kai ba. Ta ɗauko dunƙulen zaren daga cinyarta, ta danƙa mini a tafin hannu biyu.

"Riƙe min wannan," ta ce. "Kada ka saki sai ta samo."