Bakin Yaya Haris da Rumfar Kifinmu

Yayana Haris, bakinsa ne ya ciyar da mu, bakin nan ne kuma ya jefa mu a uku. Ni ce 'Yar'azumi, ƙanwarsa ciki ɗaya. Ni ke yi masa bandar kifin da yake sayarwa a Hadejia, don haka abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba.

A Guri aka haife mu. Babanmu masunci ne, amma Yaya bai gaje shi ba, ko kwalekwale ya shiga sai ya kama salati. Surutu kuwa, a bar masa kayansa! Shekarar da ciyawar kachalla ta toshe mana ruwa, kifi ya yi wuya, ya kwaso mu zuwa Hadejia, shi da matarsa Bashira, ni da marayuna uku. A bakin titi ya fara kasa kifi. Nan wani jigon jam'iyya, Alhaji Abdulwahid, ya ji yadda yake musu da 'yan acaɓa, ya mai da shi sojan baka, irin masu shiga rediyo su kare jam'iyya su zagi ta wasu. Ladansa rumfa ce a kasuwar kifi. Babu takarda, babu shaida. Alhaji ya ce, "Riƙe dai." Da rumfar nan mutum shida muke ci.

Lokacin su Alhaji ne 'yan adawa. Wata rana hoto ya fito, shugaban ƙasa ya rusuna yana gaida wani baƙo daga ƙasar waje da hannu biyu. Yaya ya shiga rediyo ya yi masa wankin babban bargo. "Shugaba sukutum ya duƙa wa ɗan aiken wata ƙasa kamar mai gaida surukinsa? Ya zubar mana da mutunci!" Sati guda ana maimaita maganar a gari. Na ce, "Haba Yaya, gaisuwa ce fa." Ya ce, "Ke, siyasa ce, je ki duba wutarki."

To, duniya rawar 'yan mata. Nasu ya hau mulki. Bana sai ga bidiyo, shi ma ya rusuna wa wani baƙon, har hularsa na neman faɗuwa. Kafin azahar 'yan adawa sun tono tsohuwar muryar Yaya sun ɗora a kan sabon bidiyon. Duk wayar da ka wuce a kasuwa, Yaya ne yake zagin shugaban ƙasa ɗan jam'iyyarsa.

Alhaji Abdulwahid ya zo da kansa, ko daga mota bai fito ba.

"Haris, gobe bayan la'asar za ka shiga rediyo. Ka ce rusunawa tarbiyya ce, girmama baƙo ne." Ya ɗaga ido ya dubi rufin rumfar. "Kar ka manta inuwar wa kake sha."

Yana tafiya wasu ƙatti biyu na ɗaya ɓangaren suka tsaya a kan babur, da gora a hannu. Ɗaya ya ce, "Malam Haris, mu ma muna saurare." Ranar Yaya bai iya cin tuwo ba. Na roƙe shi, "Don girman Allah ka faɗi abin da Alhaji ya ce. Wa ya taɓa mutuwa don ya lashe amansa?"

Washegari ni da Bashira muka sa rediyo a gaba. Mai gabatar da shirin, Allah ya isa, sai da ya fara sako tsohuwar muryar, sannan ya ce, "Malam Haris, me za ka ce?" Yaya ya ce, "Jama'a, da wancan da wannan duk gaisuwa ce. In tarbiyya ce yau, wancan karon ma tarbiyya ce. Ni ne na yi son rai."

Bashira ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa innalillahi kawai nake ja.

Da safe muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofar rumfa, kwandunanmu a waje, ƙuda ya rufe kifin. Maƙwabtan da muka shekara goma tare, kowa ya duƙufa kamar mai neman allura. Ban ga laifinsu ba, su ma "riƙe dai" aka ce musu.

Yanzu mun koma bakin titi. Babur ya tsaya kusa da mu, sai in zaci masu gorar nan ne. Jiya wani Abba, jigo a ɗaya jam'iyyar, ya zo da fara'arsa.

"Malam Haris, dawo wurinmu. Ka shiga rediyo ka ce wannan rusunawar abin kunya ce. Muna cin zaɓe za ka koma rumfarka."

Yaya ya ce, "In naku ya hau ya rusuna fa?"

Abba ya yi dariya. "Allah ya kai mu, sai a san abin faɗa."

Yaya ya juyo ya dube ni, ya dubi kifin da rana ke gasawa, ya ce zai yi shawara. Da ni zai yi ta, na sani. Kuma Allah ya yafe mini, cewa zan yi ya je.