Sunansa Kyari, Ba Hana-Aro Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, na buɗe waya na ga Malam Kyari ya rasu.

Wallahi ban gama jin zafin mutuwar ba takaici ya rufe ni, saboda yadda aka rubuta sanarwar a guruf ɗinmu na tsofaffin malamai: "Allah ya yi wa Malam Kyari Hana-Aro rasuwa." Har da hoton hawaye a ƙasa.

Hana-Aro. A sanarwar mutuwa. Tir.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Kyari abokin aikina ne. Sakandare ɗaya muka koyar a nan Maiduguri, shi kimiyya ni tarihi, kuma layinmu ɗaya a Jiddari Polo. Ya girme ni, don haka Ya Kyari nake ce masa, yadda muke kiran yaya a nan.

Bari in faɗa muku inda sunan banzan nan ya samo asali, don a gabana aka yi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne ƙaninsa da ke karatu a waje ya aiko masa da laftof, wata mai kauri da nauyin tsiya. Duk layin babu mai irinta. Ana nan sai maƙwabcinmu Alhaji Adam, dillali a Kasuwar Shanu, ya je Umara ya sayo wa 'yarsa Falmata tata, lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a. Da aka kwance kaya, laftof na nan, caja babu. Ta salwanta a hanya.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidan Ya Kyari, sai ga Alhaji da kansa, da laftof ɗin a naɗe cikin sallaya. Aron caja ya zo yi.

Kun dai san layinmu. Turmi, tsani, tukunyar biki, ba a hana aro. Balle dattijo ya tako da ƙafarsa bai aiko kowa ba.

Ya Kyari ya yi masa wushe, wato sannu da zuwa, ya ba shi wurin zama, ya shiga ya ɗauko cajar. Sai ya kifa laftof ɗin Falmata, ya karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasanta, ya juya bayan cajarsa ya karanta. Sannan ya yi wa Alhaji bayani a hankali cewa kowace irin wannan na'ura da ƙarfin wutar da aka yi ta don ta sha. Ta Falmata bolt goma sha biyar take so, tasa cajar kuwa goma sha tara take bayarwa.

Alhaji ya kama bakin wayar ya zura a ramin laftof ɗin, ya shige daidai. Ya ce to ai ga shi ya shiga.

Ya Kyari ya zare wayar, ya ce, "Alhaji, shiga daban, dacewa daban. In na ba ka wannan, tana iya ƙona wa yarinyar nan kayanta."

Ya ce zai sa a nemo mai dacewa daga Kano, kafin nan Falmata ta zo ta riƙa aiki da tasa. Alhaji ya naɗe sallayarsa ya tashi, ko sallama babu.

Washegari ya shiga kasuwa. Wani mai sayar da rediyo ya zaƙulo masa wata caja, shi ma dai hujjarsa baki ya shiga. Aka jona ta a gida, warin ƙuna ya tashi, laftof ba ta ƙara buɗe ido ba.

To wa aka zaga? Mai rediyo? Ina. Ko sunansa ba a ambata ba. Cewa aka yi da Kyari ya ba da tasa, da Alhaji bai je kasuwa ba. Baƙin ciki ne wai, ba ya son a ce akwai laftof biyu a layi. Kafin sati ya zagayo an laƙaba masa Hana-Aro, daga majalisa ya shiga ɗakin malamai, har ɗalibai suka ɗauka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar sunan autarsa. Matarsa Yagana ta bi gida gida tana neman aron tukwane da tabarmi, kowa ya ce an riga an ba wani. Tana kallon tukwanen a kife a tsakar gida. Mai jego fa. Sai daga Yerwa, can cikin gari, muka kwaso na gidan iyayena a amalanke.

Kuma mutumin nan da kuke cewa Hana-Aro, babur ɗinsa ya fi kwana a hannuna a kan hannunsa. Lokacin da mahaifiyata ke asibiti shi ya riƙe mini azuzuwana, yana koyar da tarihin da shi ma sai ya karanta da safe. Ko sau ɗaya bai goranta mini ba.

Falmata kuwa, a laftof ɗin wa kuke zaton ta buga furojet ɗinta? A tasa. A falonsa take zama kusa da Yagana, in an ɗauke wuta ba ya taɓa na'urar don batirin ya isa yarinyar. Uban ya sani, ya yi kamar bai sani ba. Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba da shi nake ba. Da ku nake, ku da kuka ga wannan duka da idonku kuma ba ku fasa kiran sunan ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Ya rame sosai, yana kishingiɗe a kan tabarma. Wayata ta mutu, na ce Ya Kyari a ara mini caja. Ya miƙo hannu ya ce in kawo wayar ya gani tukuna. Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya duba, ya ba ni.

Da ya samu numfashi sai ya tambaye ni ko har yanzu ana kiransa da sunan nan. Na ce ana yi.

Ya ce, "Ni na saba. Amma rannan jikana ya dawo daga makaranta yana kuka, wai an ce masa jikan Hana-Aro. Wannan kam ya taɓa ni."

Jikan nan yana da waya yanzu. Sanarwarku tana yawo daga guruf zuwa guruf, zai gani, in ma bai riga ya gani ba. Na kira wanda ya rubuta na ce ya goge, sai ya ce mini ai da haka aka fi saninsa. Na kashe wayata kafin in faɗi abin da bai kamata a faɗa ranar mutuwa ba.

Bayan azahar za a yi jana'iza a ƙofar gidansa, daidai inda muka zauna ran nan. Na san har da tabarmin layi za a shimfiɗa. Yau babu wanda zai ce an ba wani.

Allah ya gafarta maka, Ya Kyari. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya ba Yagana da yara haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya sa shi a addu'a. Kuma in za ku roƙa masa gafara, ku kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Sunansa Kyari.