Igiyar da Ta Fito da Baba

Ranar Alhamis ce ta makon Ista, ina aji biyar na firamare, shekaruna goma sha ɗaya. Da hantsi aka ba mu hutu, na kwaso a guje daga makaranta har gidanmu na haya a Yelwa, takalma a hannu ɗaya, katin sakamako a ɗaya hannun. Na zo ta ɗaya. Tun daga bakin layi nake shirya yadda zan faɗa wa Baba, amma da na tura ƙyaure ba wanda ya dube ni. Mata da yara ne a jere a tsakar gida, kowa ya damƙe igiya ya kafe ƙafa. Mama tana gaba, ta leƙa rijiya tana kiran "Baban Saratu! Baban Saratu!" da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Daga ciki babu amsa.

Iyali biyar ne a gidan nan, kuma kusan komai namu guda ne: rijiya, turmi, igiyar shanya, da mangwaron da muke 'yar carafke a gindinsa in mun gama wanke-wanke. Har littafin lissafi guda ne, wani tsoho da bangonsa ya cire, wanda manyan yaran gidan suka bar mana. A kan tagar ɗakin girki yake zama, mai bukata ya ɗauka ya mayar. Ni da Rifkatu, 'yar ɗakin da ke jikin namu, ajinmu ɗaya, kuma kullum ita ce ta ɗaya, ni ta biyu. In na dawo ina kumbure-kumbure sai Mama ta ce, "Mu jiki ɗaya ne cikin Almasihu. In ƙafa ta isa, ai kai ma ya isa." Ni kuwa ban ga abin da ya haɗa ni da ƙafar wani ba. Saura mako guda jarrabawa na ɗauke littafin, na tura shi can cikin buhun masararmu, ina zaro shi in ba kowa. Rifkatu ta neme shi har da kuka. Ni na taya ta nema, har ƙarƙashin gadonsu na leƙa. Ta zo ta huɗu.

Duk bazara ruwan rijiyarmu yakan koma laka, sai mazan gidan su haɗu ranar Asabar su yashe ta. Kafin kowa ya shiga akan zura fitila a igiya. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau ke nan, sai a yi ta kaɗa ganyen mangwaro a ciki, a jira. A shekarar nan muna da baƙin Ista, ga shi babu ruwa, Baba ya ce ba zai jira Asabar ba. Fitilar kuma babu kananzir. Ya ɗaure igiya a ƙugu, ya ratayo ta bisa gungumen da ke bakin rijiya, ya ce wa mata su riƙa jawo masa bokitin laka, ya shiga. Bayan bokiti na uku aka ji shiru, kuma babu namiji babba ko ɗaya a gidan.

"Saratu, kama igiya!" in ji Mama. Allah ya gafarta mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mama, na zo ta ɗaya." Ba ta ko juyo ba. "Yar da takardar nan!" Wurin da ya rage a igiyar bayan Rifkatu ne, nan na kama. Inna Hajara, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta dire ƙwaryarta a ƙofa ta kama bayana. Maman Rifkatu, da yake ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta coci, ita ta riƙa ba mu ƙirga: ɗaya, biyu, ja! Tana kiran Yesu, Inna Hajara tana salati, mu yara muna kuka muna ja. Sau biyu igiyar tana suɓucewa ta koma, sau biyu muna sake damƙo ta. Ban taɓa sanin Baba yana da nauyi haka ba. Can sai na ji igiyar tana zuwa hannuna da danshi, na duba na ga ja. Tafin hannun Rifkatu ne ya yage, amma ba ta saki ba. Sai juyowa ta yi ta ce mini, "Ki ja mana, kin tsaya kallo!"

Baba ya fito kansa a langaɓe, laka har cikin kunne. Aka kwantar da shi a gindin mangwaro ana fifita da faifai da murfin tukunya, Mama tana dukan ƙirjinsa tana roƙo, har ya yi wani tari mai ƙarfi. Katina kuwa na tsince shi a cikin laka, an tattake shi, lambar ma ba ta ganuwa. Ranar Lahadi Baba ya miƙe a coci ya ba da shaida, ya kira sunan duk wanda ya kama igiyar nan ɗaya bayan ɗaya, nawa bayan na Rifkatu. Na mayar da littafin kan taga a ɓoye, ban faɗa wa kowa ba.

Na gama sakandare, na sami aiki a wani kanti. Bayan rasuwar Mama na ɗauke Baba muka koma unguwar Fadaman Mada, gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ina taƙama ba ma haɗa banɗaki da kowa. Shekaranjiya da rana na same shi a ƙasa yana aman jini. Na yi ƙoƙarin cicciɓar shi, ko motsa shi ban yi ba. Na yi ihu har muryata ta dishe, janareton maƙwabta ya haɗiye ta, maƙwabtan da ko sunansu ban sani ba. Sai na kira Rifkatu a waya, wadda rabona da gaishe ta shekara uku. Ta bar kekenta na ɗinki, ta taho da mijinta da mata biyu na cocinsu. Tana shigowa ta ce, "To, Ta-ɗaya, har yanzu ba ki iya ɗaga komai ba? Matsa, kama ƙafafun."

A kan bencin asibiti nake wannan rubutu, don in na zauna haka kawai tsoro zai kashe ni. Baba bai buɗe ido ba tukuna. An ce ana bukatar jini, nawa kuma bai isa ba. Rifkatu tana ciki yanzu ana ɗibar nata, kuma da ta miƙa hannu na ga tabon igiyar nan yana nan a tafinta. In ta fito zan faɗa mata inda na ɓoye littafin lissafin nan, ko me za ta ce. Ina kewar tsakar gidan nan mai laka, inda in ka yi ihu sau ɗaya ƙofa biyar ke buɗewa. Ya Yesu, ka bar mini Baba. Na sha zuwa ta ɗaya, amma ban taɓa fito da kowa daga rijiya ni kaɗai ba.